Kundin aikin gyara mabuɗan shiga a kamfanin rarraba wuta

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau aka fara. Abin da aka ɗora wa ƙungiyar shi ne a san, da suna, wa ke iya shiga wace na'ura a kamfanin, da wane mabuɗi, kuma wa ya ba shi. Aikin ya ratsa wurare uku: ofis, inda imel da albashi da lissafin kuɗin wuta suke, tsarin sayar da katin mita, sai ɓangaren sarrafa wuta, wato SCADA, tsarin da ake kallo da sarrafa tashoshi daga nesa da shi, da na'urorin da ke ƙananan tashoshin 33/11kV.

Manya sun so a fara da sayen sabuwar katangar tsaro. Mun roƙi a dakata, hujjarmu kuwa abin da ya faru a Yukiren ranar 23 ga Disamba, 2015. Watanni kafin ranar, masu kutse sun aika wa ma'aikata takardun ofis masu ɗauke da manhajar kutse ta BlackEnergy 3, suka lafe cikin kwamfutoci suna tsintar kalmomin sirri har suka samu na VPN, hanyar shiga daga nesa da ke kaiwa ɗakin sarrafawa, wadda babu tantancewa ta biyu bayan kalmar sirri a kanta. Ranar da suka tashi, da asusun halal suka shiga. Ma'aikaci na zaune yana kallon linzamin kwamfutarsa na yawo shi kaɗai yana buɗe bireka ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni uku abin ya shafa, masu amfani da wuta kusan 225,000. A Amurka ma, watan Mayun 2021, tsohon asusun VPN ne da aka daina amfani da shi ba a rufe ba ya kai ga tsayar da bututun man Colonial Pipeline mai tsawon mil 5,500, aka biya fansar bitkoyin 75, kimanin dala miliyan 4.4. Katanga ko ta nawa aka saya, buɗe wa mai mabuɗi take yi. An amince a fara da ƙidayar mabuɗan.

Alhamis, 16 ga Janairu

An fitar da jerin asusun da ke cikin Active Directory na ofis, tsarin da ke riƙe asusun shiga kwamfutoci, kowanne da ranar da aka ƙirƙire shi, ranar da aka canza kalmar sirrinsa, rukunonin da yake ciki, da lastLogonTimestamp, wato ranar shiga ta ƙarshe. Wannan na ƙarshe yakan yi jinkirin kwana 9 zuwa 14, don haka ba a yanke hukunci da shi a kan asusun da bai kai wata ba a shiga ba. Mun sa iyaka a kwana 90.

Da takardar albashi muka gwada jerin, ba da ta ofishin kula da ma'aikata ba, domin cire mutum daga albashi ne kaɗai ba a mantawa. Gwadawar ta ci kwana biyu saboda sunaye. Mutum ɗaya Muhammad ne a albashi, Mohammed a imel, Muh'd a tsarin sayar da kati. Wani Abubakar ne a takarda, Garba a kwamfuta. Gurbin lambar ma'aikaci a yawancin asusun babu komai a ciki. Daga yau ba a buɗe asusu sai da wannan lamba, ita ce za ta riƙa haɗa mutum da duk asusunsa.

Kashi huɗu aka yi: na ma'aikatan da ke bakin aiki, na waɗanda suka bar aiki ko suka rasu, na na'urori da manhajoji, sai waɗanda ba wanda ya yarda nasa ne. Rukunin Domain Admins, na masu cikakken iko, na ɗauke da asusu 19, ciki har da na kamfanin da ya girka firintoci. Huɗu ake bukata.

Ba a goge komai tukuna. A dakatar da asusu, a kai shi wani keɓaɓɓen wuri, a rubuta kwanan wata a bayaninsa, sai bayan kwana 90 a goge. Dalili: asusun da aka goge ko an sake buɗe shi da suna iri ɗaya, sabuwar lambar SID, wadda Windows ke gane asusu da ita, yake samu, duk izinin da ke rataye a tsohuwar ya tafi.

Laraba, 22 ga Janairu

Kuskuren farko. An dakatar da asusun wani injiniya da ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce, da safe aka tarar karatun manyan mitocin fidoji bai shiga tsarin lissafi ba. Ashe aikin da ke kwaso karatun da ƙarfe biyun dare da sunansa yake gudana, shi ya girka shi, ba wanda ya sake dubawa. An mayar da asusun, an toshe masa shiga ta allo da ta nesa, an bar masa gudanar da wannan aiki kaɗai har a yi masa asusun na'ura.

Gyaran tsari: kafin a dakatar da kowane asusu, a bincika rajistar tsaro a nemi lamba 4624, alamar an shiga da asusu, da sunansa, a duba nau'in shigar. Nau'i na 4 aikin da aka sa wa lokaci ne, na 5 manhaja ce mai gudana a bayan fage, na 10 mutum ne da ya shiga allo daga nesa ta RDP. A nan wata matsala ta fito: rajistar sabobin ba ta riƙe fiye da kwana biyu, sabo na danne tsoho. An faɗaɗa ta, an kuma fara tura kwafi zuwa sabar tattara rajista. Sai an sa ido kwana 35 a kan asusu kafin a taɓa shi, saboda akwai ayyukan da sau ɗaya suke motsi a wata, ranar fitar da bil.

Talata, 28 ga Janairu

Tsarin sayar da kati. Nan kuɗin kamfanin yake, nan kuma aka fi sakaci.

Mitocinmu na tsarin STS ne, lamba 20 da mai gida ke dannawa. Kowace lamba na ɗauke da alamar lokaci da ake ƙirgawa da minti tun daga 1 ga Janairun 1993, gurbin kuwa ya cika ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Shi ya sa bara aka yi ta raba wa mutane lambobin canjin mabuɗi guda biyu-biyu. Don wannan aiki an ɗauki ma'aikatan wucin gadi, an buɗe musu asusu cikin gaggawa da ikon fitar da lambobin injiniya. Aikin ya ƙare watanni biyu da suka wuce, asusun na nan a buɗe, wasu ma ana shiga da su har makon jiya.

Lambobin injiniya sun fi na sayen wuta haɗari. Akwai ta canjin mabuɗi, ta goge kuɗin da ke mita, ta sauya iyakar lodin da mita za ta ɗauka, da ta share alamar taɓawa. Mitar da aka buɗe murfinta don a yi baifas takan kulle kanta har sai an danna mata wannan ta ƙarshe. Wanda ke iya fitar da ita ba tare da kowa ya gani ba, sana'a ya samu. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: asusu ɗaya mai suna na ofishin yanki, mutum bakwai sun san kalmar sirrinsa, wa za ka kama?

Abin da aka yi yau: an rufe duk asusun wucin gadi. An raba iko uku, mai sayarwa, mai neman lambar injiniya, mai amincewa, kuma mutum ɗaya ba zai riƙe biyu na ƙarshe ba. Lambar share alamar taɓawa ba ta fita sai da lambar takardar binciken da aka yi a gidan. Mita ɗaya ta nemi irin wannan lamba sau biyu cikin kwana 30, saƙo ya tafi ga sashen kare kuɗin shiga.

Sabar sayar da katin kuma da asusun admin ɗaya take da sabar imel. A Yulin 2019 manhajar garkuwa da bayanai ta kama City Power na Johannesbag, wuta na kan layi amma mutane sun kasa sayen kati. Ga mai mita, duhu ne iri ɗaya. Za a ware wa wannan saba nata masu kula.

Talata, 4 ga Fabrairu

Zagayen tashoshi shida na farko. Zane ya nuna kowace tasha hanya ɗaya take da ita zuwa ɗakin sarrafawa. A tashoshi biyu mun buɗe akwatin RTU, na'urar da ke haɗa tasha da ɗakin sarrafawa, muka tarar da modem ɗin 4G a maƙale a bayan na'urar da igiyar roba, fitilarsa na ƙiftawa. Ɗan kwangilar da ya girka ne ya bar shi don ya riƙa gyara daga Legas ba sai ya hau mota ba. Ba ya cikin zane, ba ya bi ta katanga, layin wayar da ke ciki ba da sunan kamfani aka yi masa rajista ba. A wata tashar, kwamfutar injiniya na ɗauke da AnyDesk, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, da aka saita ya karɓi baƙo ba sai an amsa ba.

Rilen kariya kuwa, na'urorin da ke sa a yanke wuta in an samu laifi a layi, yawancinsu da kalmar sirrin masana'anta suke, wadda ke rubuce cikin littafin da kowa zai iya saukewa a intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a Nuwamban 2023 an shiga na'urar Unitronics ta hukumar ruwan Aliquippa a Amurka, kalmar sirrin da irin waɗannan na'urori ke zuwa da ita kuwa 1111 ce. Mai iya shiga rile zai iya sauya saitin kariya, taransifoma ta ci gaba da ɗaukar laifin da ya kamata a yanke cikin daƙiƙa, har ta ƙone.

Ba a zare modem ɗin nan take ba. Sai da aka tabbatar ba ta nan bayanan tashar ke fita ba, aka sanar da ɗakin sarrafawa, sannan aka cire, aka sa a ambulan da sunan tasha. Canza kalmomin rile kuma zai jira injiniyan kariya, ɗaya bayan ɗaya, tare da ajiye kwafin saitin kafin a taɓa. Wasu tsofaffin rile harafi shida ko takwas kaɗai suke karɓa, ba sa kuma rubuta wa ya shiga. Irin waɗannan maganinsu kwaɗo a ƙofar akwati da toshe hanyar nesa.

Abin da ba shi da magani a yanzu: IEC 60870-5-104, harshen da RTU ke magana da ɗakin sarrafawa da shi ta ƙofa 2404, ba ya tambayar kowa shaida. Duk wanda ya kai ga waya ya aika umarnin buɗe bireka, za a buɗe. Da wannan harshe manhajar kutse ta Industroyer ta yi magana a Kiyef a Disamban 2016. Abin da za mu iya shi ne kowane RTU ya saurari adireshin manyan sabobin SCADA biyu kaɗai, katangar tasha ta watsar da saura.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

An yanke: ɓangaren sarrafa wuta zai samu nasa Active Directory daban, babu wata amana tsakaninsa da na ofis. Injiniya zai riƙe asusu biyu da kalmomi biyu. An yi gunaguni, an wuce.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Zama da masu ɗakin sarrafawa, awa uku, mafi amfani tun da aka fara.

Dokar ofis ta ce allo ya kulle kansa bayan minti 10, asusu ya toshe bayan kuskure biyar. Shugaban dutin dare ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Injiniya, waya ta faɗi kan kasuwa da ƙarfe uku na dare, hannuna na rawa, in yi kuskure biyar ku kulle ni?" Gaskiyarsa. A ofis, kulle mai gaskiya a waje ɓata lokaci ne. A nan rai ne. Shi ya sa shekara da shekaru suke amfani da asusu ɗaya da ba ya fita, kalmarsa a manne ƙarƙashin allon rubutu, kuma duk wata doka da ta yi watsi da wannan dalili za su kewaye ta cikin mako.

Tsarin da aka tsaya a kai hawa biyu ne. Windows ɗin allunan ɗakin zai zauna a buɗe dare da rana da asusun da ba shi da iko ko kaɗan: ba ya girka manhaja, ba ya buɗe filasha, ba ya shiga wata kwamfuta, ba a kuma iya shiga da shi daga nesa. Allon ƙararrawa ba ya taɓa kullewa. Cikin manhajar SCADA kuwa, kallo na kowa ne, amma ba da umarni sai da asusun mutum, wanda yake shiga da shi a farkon duti ya fita a ƙarshe, lokacin da ake sa hannu a littafin miƙa aiki. Kuskuren kalma ba ya toshe wannan asusu, ƙararrawa yake tayarwa wurin masu tsaro. An kuma ajiye waɗannan asusu cikin ita manhajar, yadda ko sabar tantancewa ta mutu mai duti zai iya buɗe bireka. Ƙofar ɗakin ita za ta ɗauki sauran nauyin, da kati da kyamara.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An girka sabar da ke tsakanin ofis da ɓangaren wuta. Zaure muke kiranta, don aikinta ke nan: baƙo ya tsaya nan, ba ya zarcewa cikin gida. Mai shiga daga nesa zai bi VPN da tantancewa biyu, ya sauka a zaure, ya sake shiga da asusun ɓangaren wuta, daga nan ne kaɗai ƙofa 3389 ke buɗe zuwa kwamfutocin injiniya. An kashe kwafa da mannawa tsakanin ɓangarorin, an kashe ɗaukar faifai, ana naɗar hoton allo na kowane zama. Fayil ɗin da za a shigar, kamar sabon saitin rile, ta wata saba daban yake bi a bincike shi.

Asusun 'yan kwangila a rufe suke kullum. Mai bukata ya nemi izini da lambar aiki, a buɗe masa na awa huɗu, injiniyan gida na kallon allon, lokaci ya cika asusu ya rufe kansa. Kowane mutum da sunansa. Mun ƙi karɓar asusu ɗaya da sunan kamfani, don ba mu san ranar da za su sallami ma'aikacinsu ba. Kamfani ɗaya ya ce hakan ya saɓa yarjejeniyar garanti. An duba takardar, babu wannan a ciki.

Bayanan da ofis ke so daga SCADA, kamar awannin da kowace fida ta samu wuta don lissafin rukunin A mai awa 20, yanzu tura su ake yi zuwa sabar kwafi a tsakiya. Ofis ba ya miƙa hannu ciki ya ɗauka.

Talata, 25 ga Fabrairu

Zaɓen tantancewa ta biyu. Saƙon tes ya faɗi tun a gwaji: a tashoshi biyu na karkara lambar kan iso bayan ta mutu, ga kuma sauƙin sace layin mutum ta hanyar sake yankan sim. Na'urar hoton yatsa da aka gwada a ƙofa ta ƙi rabin masu hawa fal, hunturu ya faso musu yatsu, ƙura ta rufe gilashin. Ma'aikatan ofis za su yi amfani da manhajar waya mai nuna lamba a allo a kwafa, ba mai "amince" kawai ba, don mutum ya gaji da saƙo cikin dare yakan danna ya huta. Masu cikakken iko da injiniyoyin ɓangaren wuta za su riƙe mabuɗin USB mai lambar sirri, biyu kowanne, ɗaya a aljihu ɗaya a sef. Tun da ɓangaren wuta ba ya taɓa intanet, mabuɗin zai yi aiki ne da takardar shaida daga sabar shaida ta cikin gida.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama. An hana duk wani canji daga la'asar zuwa bayan tarawihi, da lokacin sahur. Lodi na sama, mutane kaɗan ne a kujera. Aiki daga tara zuwa azahar.

Talata, 11 ga Maris

Kwamfutocin injiniya biyu sun ƙi karɓar kowa da safe. Kalmomi daidai, mabuɗai lafiya. Agogo ne. Kerberos, tsarin tantance shiga na Windows, ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti biyar tsakanin kwamfuta da sabar tantancewa. Da can daga ofis ɓangaren wuta ke samun lokaci, mun yanke hanyar ba mu ba shi wata ba. Ɗaya daga cikin kwamfutocin kuma ƙaramin batirinta na CR2032 ya mutu, da wuta ta ɗauke ta dawo sai ta farka a wata shekara daban.

An haɗa babbar sabar tantancewa da agogon GPS da ke ɗakin rile, sauran su karɓa daga gare ta ta ƙofa 123. An sayo batura, za a canza na duk kwamfutar da ta haura shekara huɗu. Wannan gyara ya biya wata bukata ta daban: in aka samu matsala, sai agogon rile da na SCADA da na zaure sun zo ɗaya kafin a iya cewa wane ne ya riga wane.

Asabar, 15 ga Maris

Tun daren jiya ba mai mabuɗin USB da ya iya shiga zaure. Laifinmu ne. An girka uwar sabar shaida ranar Juma'a 7 ga wata, aka kashe ta aka sa a sef kamar yadda ya dace. Amma jerin shaidun da aka soke, wanda take sa wa hannu, mako ɗaya ne wa'adinsa in ba a canza ba. Da ya ƙare, sabar tantancewa ta kasa tabbatar da cewa ba a soke shaidar kowa ba, sai ta ƙi kowa.

Ɗakin sarrafawa bai ma san an yi ba, asusunsu ba ya bi ta nan. Shawarar 12 ga Fabrairu ce ta tsare mu.

An buɗe ambulan ɗin ko-ta-kwana a karon farko. Asusu ne mai cikakken iko da ba ya bukatar mabuɗi, kalmarsa harafi 30, rabi a sef ɗin shugaban sashen wuta, rabi a na shugaban tsaro. Minti 50 aka yi kafin a haɗa rabi da rabi, don mai sef na biyu ya tafi gida da mabuɗin. An kunna uwar sabar, an mayar da wa'adin mako 26, an fitar da sabon jeri, an kai shi da filasha da aka ware don wannan kaɗai, an share tsohon da sabobi suka riƙe. An sa tunatarwa kwana 30 kafin ƙarewa, a kalandar mutum uku da kuma tsarin sa ido. An canza kalmar ko-ta-kwana, an sake liƙe ambulan. Daga yau sef na biyu na hannun shugaban duti, wanda ba ya barin ginin.

Alhamis, 20 ga Maris

Asusun na'urori. Su ne ba sa ritaya, ba sa canza kalma, ba a kuma iya sa musu tantancewa biyu. Kowane ma'aikaci mai asusu zai iya neman tikitin Kerberos na irin wannan asusu ya tafi da shi ya yi ta gwada kalmomi a kwamfutarsa ba wanda ya sani. Kalma mai harafi takwas da aka sa tun 2016 ba za ta kwana ba. Alamar ita ce lamba 4769, ta neman tikiti, da yawa daga mutum ɗaya, da nau'in ɓoyewa 0x17, wato RC4. An sa ƙararrawa a kai.

Waɗanda manhajarsu ta yarda an mayar da su gMSA, inda Windows ke riƙe kalma mai tsawon bayit 240 yana canza ta duk kwana 30. Manhajar SCADA da ta tattara tarihi ba su yarda ba, sai aka ba su kalma mai harafi 30, aka ɗaure kowanne da sabar da yake aiki a kai, aka hana shi shiga ta allo. Canjin ya tsaya rabin awa a hanya: wata kwamfuta da ba ta cikin jeri ta ci gaba da gwada tsohuwar kalma har ta toshe asusun. Lamba 4740, ta toshewar asusu, ce ta faɗi sunanta. LAPS kuma ya raba wa kowace kwamfuta kalmar admin tata, a maimakon guda ɗaya da aka yi wa duka.

A ofis an canza kalmar krbtgt, asusun da ke sa hannu a tikitin Kerberos, sau biyu, da tazarar kwana ɗaya; ƙasa da awa 10, tsawon ran tikiti, zai kori kowa. Ba mu ga alamar kutse ba, amma asusu 19 masu cikakken iko na tsawon shekaru sun isa dalili. Gargaɗin da hukumar CISA ta Amurka ta fitar a Fabrairun 2024 kan ƙungiyar Volt Typhoon ya nuna sun zauna a wasu cibiyoyi aƙalla shekara biyar, da asusun halal da kayan aikin Windows kansa, ba tare da wata manhajar da riga-kafi zai kama ba.

Laraba, 26 ga Maris

An rubuta tsarin barin aiki. Ofishin kula da ma'aikata zai sanar kafin a miƙa wa mutum takarda, a rufe VPN da zaure da katin ƙofa cikin awa 24, a karɓi mabuɗan USB biyu, a canza duk kalmar rile da ya sani. Awa 24 ɗin daga ƙa'idar CIP-004 ta Arewacin Amurka muka aro ta. Masu ƙa'idar ma NERC ake kiransu, suna ɗaya da hukumarmu ta Abuja, abin da ya rikita taron na ɗan lokaci. Ba ta hau kanmu ba, ma'auni ne mai kyau kawai. Canjin wurin aiki ya fi barin aiki wuyar kamawa. Mutum ya tashi daga sayar da kati ya koma lissafi, a ƙara masa sabon iko a bar masa tsoho. Yanzu canjin sashe na nufin a kwashe duka a sake bayarwa.

An kuma sa lambobin waya da sunayen masu kai rahoto a takarda. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar NDPC in bayanan kwastomomi suka fita, gyaran dokar laifukan intanet na 2024 ma awa 72 ya sa na sanar da ngCERT, cibiyar ɗaukin gaggawa kan kutse ta ƙasa.

An rufe canje-canje har bayan salla.

Litinin, 7 ga Afrilu

Atisaye. An ɗauka an sace asusun injiniya ɗaya, mai kutse na cikin zaure. Mataki na farko, yanke zaure daga ɓangaren wuta, minti shida, da zare waya ɗaya mai jan tambari da aka riga aka nuna wa masu duti. Na biyu ya fi jan lokaci: komawa sarrafa tashoshi da hannu. Abin da ya dawo da wuta a Yukiren cikin awoyi ke nan, ma'aikata suka shiga mota suka je suka rufe bireka da hannu, don masu kutsen sun lalata na'urorin da ke haɗa tashoshi da ɗakin sarrafawa. A tashoshi huɗu an juya makunnin zuwa sarrafawar gida ba matsala. A ta biyar mabuɗin akwatin na wurin wanda ke hutu. A ta shida rediyo ba caji, aka koma wayar hannu, mai tasha kuma ya karɓi umarnin buɗe fida daga muryar da bai tantance ba. Da mai kutse ne ya kira, da ya samu abin da yake so ba tare da ya taɓa kwamfuta ba. An mayar da dokar da aka sani tun da: mai tasha ya kashe wayar, ya kira lambar ɗakin sarrafawa da ke manne a bango, ya maimaita umarnin da sunan fida da lambar bireka kafin ya taɓa komai.

Kwafin ajiya na sabar tantancewar ɓangaren wuta ya dawo cikin awa biyu da rabi a gwaji. Kalmar buɗe kwafin tana cikin ma'ajiyar kalmomi, ma'ajiyar kuma sai da sabar tantancewa ake shigarta. An buga ta a takarda an sa a sef.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Domain Admins ya koma huɗu. Tashoshi tara suka rage ba a zagaya ba, za a yi uku-uku a mako, da safe kafin zafi ya sa lodi ya hau. Alluna biyu a ɗakin sarrafawa na kan Windows 7, wanda Microsoft ta daina yi wa gyara tun 14 ga Janairun 2020. Mai manhajar ya ce sabuwa sai an sayi lasisi, takardar na teburin kuɗi. Kwamfutocin Windows 10 na ofis ma wa'adinsu 14 ga Oktoban 2025 ne. Kashin farko na asusun da aka dakatar zai cika kwana 90 cikin makonni biyu, za a sake bin rajistarsu kafin a goge. Asusu uku a tsarin sayar da kati har yanzu ba mai su, ɗaya kuma ya gwada shiga jiya da ƙarfe 11:40 na dare daga adireshin wani ofishin yanki. An nemi hoton kyamarar ofishin, gobe za a duba.